Aikin da Mahaifiyarki Ta Yi, Ni Na Sa Hannu

Filinge, ranar Alhamis

Zuwa ga ɗiyata Zainabu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Na zaɓi rubutu ne saboda sau uku ina kiran ki don mu yi magana, sau uku ina ƙarewa da tambayar ko kin gama haɗa kaya. Ranar Litinin motar Yamai za ta ɗauke ki, daga can jirgi ya mayar da ke Kanada, kuma ban san ranar da za mu sake zama wuri ɗaya ba.

Ba ki nan lokacin da abin ya faru. Tun da kika iso ba ki tambaye ni ba, ni ma ban faɗa miki ba. Ga yadda ya kasance. Ranar Asabar, kwana takwas bayan Sallar Layya, da ƙarfe tara na safe, mahaifiyarki ta faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana ta ɗauke. Kafin ƙarfe goma mun kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta yi kwana uku tana kallonmu, tana gane kowa, ba ta iya cewa komai. Ranar Talata da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ina riƙe da hannunta na hagu, Allah Ya karɓi abinSa. An kai ta kafin magariba. Shekara talatin da huɗu da wata biyar muka yi tare. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta.

Ranar sadakar arba'in kina zaune cikin mata lokacin da tsohon abokin aikina ya tashi ya yi jawabi. Ya ce ni ne na cika ajujuwan garin Tabla da 'yan mata, ni ne na koya wa ƙasarmu ta Kurfai yadda lakwal, wato makarantar boko, take shiga gidajen mutane, marigayiya kuma ta tsaya mini da girki da haƙuri. Na sunkuyar da kai, na karɓa. Da aka watse kika same ni a zaure, kika ce: "Baba, mi ya sa ba ka ce komi ba?" Na ce miki wurin makoki ba wurin gardama ba ne. Tun ranar kina kawo mini abinci, ki gaishe ni yadda ya kamata, ki fita. Ba na so ki bar ƙasar nan da waccan amsa, domin ƙarya ce. Na yi shiru ne saboda shekara talatin ina karɓar irin wannan yabo, har na saba.

Aikin da aka ɗauke ki a can, kamar yadda kika bayyana mini, shi ne ki tsaya tsakanin makarantun gwamnati da iyayen da suka zo daga wasu ƙasashe, ki kai maganar wannan ga wancan. To, ki sani aikin mahaifiyarki ne, sai dai ke an ba ki ofis da suna. Ni ba ni da dabarar da zan koya miki a kansa. Abin da nake da shi kurakurai ne, zan jera miki waɗanda suka fi hana ni sukuni.

Kin san a zangon Kumasi aka haife ta. Mahaifinta Bakurfe ne, ɗan nan Kurfai, da ya tafi Kurmi, can kudu, neman abinci bai dawo ba. Ta zo nan tana da shekara ashirin don ta ga dangin uba, na gan ta, ta zauna. Har ta rasu 'Yar Kurmi ake ce mata. Hausarta ta zango ce, mata suna yi mata dariya, ita ma tana taya su. Ta yi makaranta a can da Ingilishi, ba ta da Faransanci ko kaɗan. Ni kuwa a lokacin sabon daraktan lakwal ne a Tabla, da takardun shaida da farar riga, ina ganin duk wanda bai iya Faransanci ba bai gama zama mutum ba. Ban taɓa faɗar haka da baki ba, amma ta sani.

A shekarata ta farko akwai wani Bafulatani mai suna Buba, rugarsa tana arewa da gari. Da ƙafarsa ya kawo mini yaransa biyu, mace da namiji, abin da ba a cika gani ba a wancan zamani. Da rani ya yi tsanani yaran suka yi sati biyu ba su zo ba. Ban tambayi dalili ba. Na ɗauki takardar kira, na cike ta da kyakkyawan rubutu, na buga mata tambari, na ba wani mai jaki ya kai masa. Da na faɗa wa mahaifiyarki a kan tuwo, sai ta ajiye ludayi.

"Mushe," ta ce, domin da wannan laƙabin Faransanci na malaman lakwal take kira na idan za ta yi mini tsiya, "ka taɓa jin takarda mai tambari ta je ruga da alheri?"

Na ce mata ƙa'idar aiki ce, ba ta san kan abin ba.

Kwana huɗu bayan haka aka tarar da kufai. Buba ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya yi arewa. A wurinsa takarda mai tambari daga jandarma take fitowa ko daga masu haraji, kuma ba shi da wanda zai karanta masa. Daga baya na ji dalilin rashin zuwan yaran: rijiyarsu ce ta ƙafe, suna kai shanu wata mai nisa. Yarinyar ta riga ta fara haɗa baƙi. Na ja layi a kan sunayensu a rajista, na rubuta cewa iyaye ba su damu da karatu ba.

Saboda haka, Zainabu, can ma makaranta za ta riƙa aika takardu, kuma za su faɗa hannun mutanen da takarda ta taɓa kora daga gidajensu. Ki riga takardar isa. In ba ki iya ba, ki bi bayanta a ranar. Kada ki yarda a rubuta cewa uba bai damu ba alhali ba wanda ya taka ya tambaye shi.

Na biyu ya fi wannan muni, domin da sanina na yi shi. Sufeton makarantu ya zo rangadi, mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Aka tara iyaye ƙarƙashin gawon da ke gaban lakwal, mu a kan kujeru, su a kan tabarmi. Na tashi na yi jawabi da Faransanci, na sa mataimakina ya fassara musu. Ki duba wannan da kyau: ni haifaffen ƙauyen da ke bayan Tabla, ina magana da sa'o'in mahaifina ta bakin tafinta. Cikinsu akwai Baba Nomau, wanda ya ci goron sunana. Ya bari na gama, sannan ya ce da mataimakin nawa:

"Mushe ƙarami, tambaye shi, Hausar da ya sha ga nonon uwarshi, Yamai ya baro ta ko bisa hanya ta faɗi?"

Aka yi dariya. Na yi kamar ban ji ba. Sannan Baba Nomau ya miƙe ya yi magana ta gaske. Ya ce ana buɗe lakwal daidai lokacin da ake yankan hatsi ana ɗaura damma, kowane gida yana bukatar hannu. Ya ce yaro ya yi sati uku a gona ya dawo, a tarye shi da bulala, wani a ce an share sunansa. Ya ce su ba ƙin karatu suke ba, a bar musu yaran da yamma har a rufe rumbu, su kuma su ɗauki alkawarin safiya. Ya daɗe yana magana. Sufeto ya juyo ya tambaye ni abin da tsohon ya ce. Na ji tsoron a ce ban riƙe garina ba. Na ce masa iyaye suna godiya, suna kuma roƙon Allah Ya ba da damina mai albarka.

Baba Nomau bai san Faransanci ba, amma yana da kunne. Ya ce: "Ni na yi magana mai tsawon igiyar rijiya, kai ka miƙa mashi guntun tsinke. Sauran fa, wa ka aje ma?"

Sufeto ya tambayi abin da ake wa dariya, na ce barkwancin tsofaffi ne. Ya rubuta mini kyakkyawan rahoto ya tafi. Daga ranar, in na kira taron iyaye, ko mutum biyar ba sa zuwa.

Za ki yi tafinta kusan kullum. Ki kai magana da tsawonta da zafinta. Idan uwa ta yi fushi, shugaban makaranta ya ji fushin, kada ki wanke masa shi. Za ki ji sha'awar gyarawa don kada a raina mutanenki, ko don kada a ce ke ma irinsu ce. Na san wannan sha'awar, ita ta sa ni cin amanar mutumin da ya ɗauke ni ina jariri. Kuma in akwai kujeru gefe biyu, ki lura da gefen da kika zauna, domin iyaye za su lura.

Abin da na ɓata, mahaifiyarki ce ta gyara, kuma ba ni na sa ta ba. Da hantsi, lokacin daka, sai ta goya ki ta shiga gida. Ba ta zuwa da takarda, ba ta ambaton lakwal. Tana yin sallama ta karɓi taɓarya. Ta gaya mini ƙa'idarta: zuwa uku na farko daka ne da hira kawai. Sai ta ce musu ita baƙuwa ce, ba ta san yadda ake yi a nan ba, su koya mata. Suna gyara mata Hausa, suna yi mata dariyar yadda take bakace, a cikin haka magana take fitowa. Abin da ba za a faɗa wa ɗan gari ba don kunya, ita ana faɗa mata, tunda ba ta da dangin uwa a garin da za ta kai wa. Baƙuncin da nake jin kunyarsa shi ne ya buɗe mata ƙofofi.

Wata rana ta dawo hannunta duk ya yi kanta, ta ce: "Mushe, shekara biyu kana rubuta cewa uwaye na hana manyan 'yan mata zuwa. Ka taɓa duba inda yarinya za ta kewaya a lakwal ɗinka?"

Ban taɓa ba. Ba makewayi ko ɗaya, fili ne fetal, ga yara maza, ga hanyar kasuwa. Ba uwar da za ta iya faɗa wa darakta namiji wannan. Cikin kwana biyu mata suka kawo zana da itace suka kewaye wuri. Sati na gaba 'yan mata suka fara dawowa. Ita ce kuma ta sasanta zancen Baba Nomau ba tare da sufeto ba: lokacin girbi yara su zo da safe, a sallame su da azahar, malamai su rufe ido. Ita ta tsara a riƙa samun uwa ɗaya daga kowace unguwa tana zama bakin lakwal da safe, duk yaron da ba a gani ba ita za ta leƙa gidansu, ba takarda ba. Da aka mayar da ni garin Damana ta sake farawa daga turmi na farko, ga Zabarmancin da ba ta ji, ta koye shi a bakin rijiya cikin shekara guda.

Duk wannan na rubuta shi a rahotannina. Na rubuta cewa hukumar makaranta ta ɗauki matakai. Hukumar makaranta ni ne. Da waɗannan rahotanni aka ɗaga ni zuwa mai ba malamai shawara, aka riƙa gayyata ta Yamai ina bayyana wa manya dabarata.

Yanzu na zo ga wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kina aji biyar lokacin da aka buɗe gurbin mata masu wayar da kan iyaye a yankinmu. Ana neman wadda ta taɓa yin aikin, da shaidar darakta a rubuce. Duk ƙasar Kurfai da Tondikandiya ba wadda ta kai ta, kuma shaidar a hannuna take. Ta same ni ina gyaran takardu, ta tsaya a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba, domin ita mai faɗowa ɗaki ce da magana a baki. Ba ta ce mini Mushe ba ranar.

"Malam, ina son ka rubuta mini takardar nan. Layi biyu ma ya isa. A ce na yi."

Na ce mata za a ce na fifita matata, kuma aikin yana bukatar Faransanci. Ta ce matar da ake shirin ba wa ba ta taɓa riƙe taɓarya a gidan kowa ba. Na ce zan duba. Ta ce to, ta koma madafa. Ban duba ba, ita kuma ba ta sake tambaya ba har abada.

Dalilan da na ba ta ba su ne na gaskiya ba. Na gaskiya guda biyu ne. Na ji kunyar a gan ta a taron ma'aikata tana dariyarta mai ƙarfi da Hausar zango, abokaina masu matan da suka yi lakwal suna kallo. Kuma na san ranar da aka rubuta sunanta, duk mai hankali zai koma ya karanta rahotannina da wani ido. Washegari da hantsi ta ɗauki mayafinta ta fita zuwa gidajen mutane kamar kullum. Haka ta ci gaba shekara ashirin, har bayan na yi ritaya muka dawo Filinge.

A kwana ukun nan na asibiti tana ji, tana kallo na. Na san abin da ya kamata in faɗa. Na yi mata zancen magani, na gaya mata kin kira, na gyara mata matashi. Ina ta jiran ɗakin ya zama ba kowa, da ya zama ba kowa kuma sai na jira ta ɗan samu sauƙi. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koya wa mutane magana.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga wannan. Aikinki irin wanda ba ya barin alama ne: idan ya yi kyau, za a ce makaranta ta yi ƙoƙari. Ki rubuta sunanki a kan abin da kika yi, ba girman kai ba ne. Kada ki jira wani ya rubuta miki, ko da mai ƙaunarki ne, domin ni ina ƙaunar mahaifiyarki kuma ga abin da na yi. Sannan ki juya ta ɗaya gefen, wanda ya fi wuya. A kowace unguwa za ki tarar da wata mace da ta riga ki fara aikin, ba ta da takardar shaida, harshen ƙasar bai zauna a bakinta ba, amma ita iyaye suke kira in yaro ya shiga matsala. Za ki dogara da ita, dole ne. Ke kuma ga ki da digiri, kin iya rubuta rahoto. A wannan wuri ba mahaifiyarki za ki zama ba, ni za ki zama, in ba ki yi hankali ba. Ki sa sunanta. Ki kai ta taron, ki bar ta ta yi magana da bakinta, yadda ta iya.

Kada kuma ki yi saurin goge baƙuncinki don ki yi kama da masu ofis. Ranar da iyaye suka daina ganin ki a matsayin wadda ita ma ta taɓa tsayawa a layi ba ta gane abin da ake ce mata ba, ranar za su fara yi miki godiya da ladabi su daina gaya miki gaskiya. Na ga yadda wannan yake, a kaina aka yi shi.

Ban rubuto don ki ce kin yafe ba. Wadda take da hakkin yafewa ba ta nan, kuma ba zan ɗora miki nauyinta ba. In kin ga dama ki zo mu zauna kafin Litinin, in ba ki iya ba na fahimta, albarkata tana tare da ke ko ta yaya.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanyar Yamai da cikin jirgi da inda za ki sauka. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya ba ki haƙurin mahaifiyarki, Ya raba ki da tsoron mahaifinki. Allah Ya sa iyayen da za ki yi wa aiki su same ki mai amana. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran ƙannenki.

Abin da ya rage shi ne wannan. Faɗa miki a takarda bai isa ba, domin a gaban jama'a na karɓi abin da ba nawa ba. Ya kamata in je Tabla, in tara iyaye, maza da mata, in tsaya in faɗa da Hausa wanda ya yi aikin. Sau biyu ina zuwa tasha. Sau biyu ina ce wa kaina hanya ba lafiya a kwanakin nan, in dawo gida, alhali ta wannan hanyar matan Tabla suka zo mana gaisuwa a kan amalanke. Har yau ban je ba.

Mahaifinki.